Tabawa Mai Kanwa da Ƙwannafin Teku

A wani zangon Hausawa da ke bakin teku, can kudu inda ƙasa ta ƙare, an yi wata mata mai suna Tabawa. Bagobira ce, da zanenta raɗau a kumatu, kuma sana'arta sayar da kanwa. Mijinta Jatau mahauci ne, aikinsa babbakar kawuna da ƙafafun shanu da wutar tsofaffin tayoyi. Ba su tara ba, ba su kuma rasa na tuwo ba, suna zamansu lafiya. Aibin Tabawa ɗaya ne, surutu. In ta tare ka da gaisuwa da hantsi, sai ka yi sa'a ka samu jam'in azahar.

Tana da wata al'ada. Duk sa'ad da buhun kanwa ya ƙare, sai ta kai shi wani kwarmin dutse a gaɓa, inda ruwa ke kwanciya in teku ta ja da baya, ta ɗauraye shi a ciki. Wata rana da hantsi ta sauke sabon buhu daga mota, ta ɗauko shi a ka, ta biyo ta gaɓa da tsohon buhun a hammata. Ta ajiye kayan ke nan a bakin kwarmin, sai wata tsohuwar katantanwa ta hau kan ƙafarta, ta miƙe ƙahonninta, ta yi sallama.

Tabawa ta tsorata ƙwarai, amma sallama ba a ƙin amsa ta, sai ta amsa.

Katantanwar ta ce, "Ya ke 'yar Adam mai wanke buhu, ni ce Magajiyar Birnin Ɓawo. Na zo neman taimako. Ruwan teku ya yi tsami. Ba tsamin da harshenki zai ji ba ne, amma jikinmu yana ji. Daga cikin ruwa muke tsintar allin da muke gina ɗakunan nan na bayanmu. Yanzu ruwan ya koma rowa, kuma ɗan abin da ya ba mu sai ya dawo ya lashe. Na bi gaɓar nan kaf, ban ga inda ɓawo ke kauri ba sai a kwarminki."

Tabawa ta dubi bayan tsohuwar, ta ga ɓawon ya yi huji-huji, har hasken rana na ratsa shi. Nan take ta gane ciwon. Ita da kanta ta sha jefa farin wuri cikin ruwan lemun tsami don haɗa maganin kyasfi, ta ga yadda yake kumfa, kafin gari ya waye ya zama kunu. Ta kuma san abin da ke kashe tsami, don ba ta taɓa dafa yakuwa ba kanwa ba.

Ta ce, "Iya, in dai tsami ne, kin zo gidansa. Mu je, amma zan dawo in ɗora tuwon dare."

Magajiya ta hayo hannun Tabawa. Ta shafa mata yauƙinta a hanci da harshe, Tabawa ta yamutsa fuska, ta ɗauki kayanta, suka faɗa ruwa. Suna nutsewa Magajiya na girma, har ta kai girman turmi. Tabawa ta ja numfashi ta ji ya shiga lafiya lau. Ta lashi leɓe, sai ta ji abin da ba ta taɓa ji a ruwan teku ba, ɗan tsami a ƙarƙashin gishirin kamar an jiƙa tsamiya.

Suka isa wata ƙofa ta farin dutse. A bakinta ga wata ƙaguwa mai girman sa, ƙafarta ɗaya duk ta zaizaye. Ita ce Sarkin Ƙofa.

Ƙaguwar ta ce, "Ya ke baƙuwa, ji doka kafin ki taka. Ƙofar nan tana buɗe wa ɗan Adam ya shiga. Ba ta buɗe masa ya fita sai ranar suna, in ta ji ƙarar sabon ɓawo. Kuma rabon da a yi suna a ƙasar nan, har mun manta waƙar. Ana haihuwa, amma jariran ba sa iya gina ɗakin farko, a tsirara suke mutuwa."

Tabawa ta juya ta harari Magajiya. "Iya, ai ba ki gaya mini wannan a tudu ba."

"Da na gaya miki, da ba ki zo ba. Ga hanya a bayanki, ba wanda zai riƙe ki."

Tabawa ta tuna Jatau, ta tuna ɗakinta. Sai ta leƙa ta kafar ƙofa, ta hango mata jere a bakin hanya, kowace ta zuba wa buhun Tabawa ido, ba mai goyo ko ɗaya. Gari guda ba yaro, abin ya sosa mata rai. Ta gyara gammo ta ce, "Buɗe, ranki ya daɗe. Na riga na jiƙe."

Birnin Ɓawo ya ga jiya. Soraye ne na lu'ulu'u da murjani, amma duk sun yi zaizaya irin ta katangar laka bayan damina. Magina na liƙe nan, can na zuba. A tsakiyar fada aka nuna mata abin da ya rage musu: wata zangarniyar ƙwai a rataye, jikokin Magajiya, waɗanda za su ƙyanƙyashe in babbar cikar teku ta zo, kuma ta kusa. In waɗannan suka bi sauran, gidan ya ƙare, Tabawa kuma ta zama 'yar ƙasa, ba komawa tudu.

Dattawan birni suka yanke shawara. A kai wa Teku kanta maganin, ta sha ta warke, kowa ya huta. Tabawa ta ga hankali a maganar. Ta ɗauki buhu, Magajiya na gaba, suka fita ta bayan gari suka gangara.

Farko suka isa Dajin Murjani. Itatuwansa sun yi fari fat, sun bushe a tsaye. Magajiya ta raɗa mata, "Tsami ya cinye ƙarfin dajin nan. Kalma ɗaya in ta fito da ƙarfi, rassan za su zubo mana a ka. Ki kama bakinki har mu fita."

Da an ce Tabawa ta yi kokawa da kada, da ya fi mata sauƙi. Suna shiga kifaye suka yanyame ta, kuma ashe duk 'yan son jin labari ne. Wannan ya raɗa mata, wai gaskiya ne a tudu mutane na kwana a bushe? Wancan ya ce, wa ya yi mata wannan zane mai kyau? Tambayar zanen ce ta kusa kashe ta, don labarin wanzamin da ya yi shi yana cikin waɗanda ta fi so. Ta cusa bakin mayafinta a baki ta cije, idanunta suka yi jajur, ta yi ta tafiya. Suna fita daga dajin ta tofar da mayafin ta saki duk abin da ta tara, ta amsa wa kifayen ɗaya bayan ɗaya alhali ba ko ɗaya a wurin.

Daga nan suka faɗa Kwarin Sanyi, inda ruwa ke tasowa daga can ƙasa, mai sanyi, mai tsamin da ya sa haƙoran Tabawa suka mutu. Ba su yi nisa ba ta ji wani sauti a gefenta, shuu. Ta duba, sai ta ga bayan Magajiya na kumfa, daidai irin na farin wuri a lemun tsami.

Magajiya ta ce, "Ki wuce, 'yar Adam. Hanya ɗaya ce, ba za ki ɓata ba."

Tabawa ta ce, "Ki wuce ina? Ke kika jawo ni, tare za mu koma."

Ta zaro tsohon buhun nan da ba ta samu ɗaurayewa ba, har yanzu garin kanwa na maƙale a zarensa. Ta naɗe tsohuwar a ciki, ta saɓa ta a baya, ta ɗaure da zani, ta ɗora cikakken buhun a ka. Kumfar ta lafa. Haka ta ratsa kwarin, kaya a ka goyo a baya, tana mita a kan nauyin tsofaffin zamani. Magajiya na bayanta tana dariya a hankali.

A ƙarshen kwarin suka tarar da Teku. Tsohuwa ce kwance rigingine, ba a ganin inda ƙafafunta suka tsaya, gashinta shi ne igiyoyin ruwa. Bakinta a buɗe yake yana kallon sama, hayaƙi na sauka cikinsa daga kowace kusurwa ta duniya, na motoci da na jirage da na manyan masana'antu, har da wani da ba shi da launi, wanda ya fi duka yawa. Tana haɗiya, tana gyatsa, tana dafe ƙirji. A cikin hayaƙin Tabawa ta ga wani siririn baƙin zare, ta shaƙi warinsa, na taya da ganda. Kunya ta kama ta, don ko a mafarki ta san wutar Jatau.

Ta durƙusa ta ce, "Allah ya ja zamaninki, uwar ruwaye. Sannu da jiki."

Teku ta juyo da ido ɗaya. Ta ce, "Tun da aka shimfiɗa ni ake roƙona kifi, ake roƙona hanya. Yau ne aka fara yi mini sannu. Me ke tafe da ke?"

"Na ga alamar ƙwannafi ke damun ki. Na zo da magani."

Tabawa ta kwance buhu, ta zaɓi dunƙulen da ya fi girma, kanwa ungurnu mai kyau, ta ɗaga da hannu biyu ta jefa cikin bakin. Suka jira. Can Teku ta motsa harshe ta ce, "Wani abu ya maƙale mini a haƙori. Shi ne maganin?"



Teku ta ce, "Ya ke 'yar Adam, niyyarki ta iso, maganinki bai iso ba. Ko za a kwaso kanwar Manga da ta Barno duka a juye mini, muddin wannan na sauka, cikina ba zai daina tsami ba."

"To, ranki ya daɗe, ki rufe bakin mana."

"In na rufe, abin da nake haɗiya a kanku zai tsaya, zafin da kuke kuka da shi ya ninka. Kwanciyata ke nan, abin da ya sauko ni ke sha. 'Ya'yan cikina ne ke biya, kuma ina ji."

Magajiya ta yi magana daga cikin goyo, muryarta ƙasa-ƙasa. "Mayar da ni gida, Tabawa. Cika ta kusa. Ina so in kasance kusa da su, ko da na ɗan lokaci ne."

Tabawa ta zauna a kan buhunta, baƙin ciki ya cika ta. Ta dubi Teku, ta dubi buhun, sai hankalinta ya tafi madafa, don can ne kawai ta taɓa ganin babbar matsala ta warware. Ta tuna tukwanen biki. In katuwar tukunya ta ɓaci da yaji ko tsami har ta fi ƙarfin gyara, manya sukan daure su ci haka. Amma ba macen kirki da za ta miƙa wa yaro. Sai a ɗebi nasa a ƙaramin kwano, a kai gefe, a gyara masa shi kaɗai.

Ta miƙe ta ce, "Uwar ruwaye, tukunyarki ta fi ƙarfina. Na yara zan ɗiba. Ki ba ni lungu ɗaya a cikinki wanda igiyarki ba za ta dama ba."

 Teku ta ce, "Akwai kogo a bayan Birnin Ɓawo. Daga yau ba zan shige shi ba sai a hankali, kamar suruka. Amma ina da sharaɗi. In kin koma tudu, ki gaya wa mutanenki ina da ciki, kuma yana ciwo. Ki faɗa, ki sake faɗa, kada ki gaji."

Magajiya ta ce, "Ranki ya daɗe, a wannan kam kin dace da ma'aikaciya."

Teku ta yi wata ƙaramar dariya, dariyar ta zama igiya, ta kwashe su ta haye da su kan kwarin da dajin, ta dire su a bakin kogon.

Tabawa ta ɗaura ɗamara. Ta sa mata suka saƙa ciyawar teku kamar zana aka toshe bakin kogon, aka dasa wata a ciki, don Magajiya ta ce ciyawar ma tana shan tsami. Aka kawo zangarniyar ƙwan aka rataye. Ba ta watsa kanwar haka nan ba. Ta jiƙa ta a wani babban ɓawo mai murfi, ta bari ta kwanta, ta riƙa tsiyaye ruwan saman kaɗan-kaɗan, tana juyawa da hannu tana ɗanɗanawa. Wata uwa da ta ƙagu ta kai hannu za ta ƙara dunƙule guda, Tabawa ta buge hannun. "Kanwa in ta yi yawa ƙuna take yi. So kike ki dafa su?"

Kafin a jima labari ya zaga gari cewa akwai ruwa mai daɗi a kogo. Manya suka taru a bakin zanar, kowa da ɓawonsa mai huji. Sarkin Ƙofa ta matso ta ɗaga ƙafarta da ta zaizaye.

Ta ce, "Ya ke baƙuwa, mu ma narkewa muke yi. A juye buhun a dandali kowa ya samu."

Tabawa ta ce, "In na juye a dandali, kafin ki juya igiya ta kwashe, ba ku ba yaran. Ku kun riga kun gina, za ku iya daurewa kuna liƙe. Su ko tubalin farko ba su aza ba."

Taron ya fara gunaguni yana matsowa. Sai Magajiya ta ja jiki ta fito daga kogon, ta tsaya a waje cikin ruwan tsami, ta juya musu bayanta don kowa ya gani. Ba wanda ɓawonsa ya kai nata lalacewa. Ta ce, "Nan zan tsaya. Wanda ya fi ni buƙata ya wuce ni ya shiga." Ba wanda ya motsa. Sarkin Ƙofa ta sauke ƙafarta, ta zo ta tsaya kusa da ita.

Cika ta zo. Teku ta cika alkawari, ruwa ya shigo kogon a sanyaye. Zangarniyar ta fashe, jarirai suka watsu, ƙanana kamar tsakin gero, tsirara, ana ganin cikinsu. Tabawa ta tsuguna a tsakiyarsu da ɓawon kanwa a cinya, tana ɗanɗana ruwa tana ɗiga, tana ɗanɗana tana ɗiga. Tsoro ya kama ta sosai, nasu da nata. Ba wanda ya ce ta yi shiru, amma tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa yin shiru irin na ranar ba.

Ta daɗe a haka har ƙafafunta suka yi tsami. Can wani ɗan mitsitsi ya sauka a bayan hannunta, ta ji ɗan kaushi. Ta kawo shi kusa da ido. A bayansa ga wani abu siriri yana ƙyalli, ya fara naɗewa. Ta duba na kusa da shi, shi ma haka. Sai jariran suka fara karo da juna, sauti ya tashi, kacau-kacau, kamar ana sheƙe gero a faifai. Ya cika kogon, ya ratsa zana, ya bi titunan birni. Daga nesa aka ji ƙofar farin dutse ta yi gurnani ta buɗe.

An yi suna irin wanda tsofaffi kaɗai suka tuna. Waƙar da aka manta, Sarkin Ƙofa ce ta fara tuno ta, da muryarta mara daɗi, kowa ya kama. Wadda ta sauka a hannun Tabawa mace ce, aka raɗa mata Tabawa. Tabawa babba ta yi rawa har ɗankwalinta ya tafi da ruwa. Ta bar musu ragowar buhun, ta koya wa mata jiƙo da tsiyaya, ta maimaita musu har suka roƙe ta ta tafi.

A bakin ƙofa Magajiya ta ce, "Buhu yana ƙarewa, 'yar Adam."

Tabawa ta ce, "Kwarmina yana nan, Iya. Ku riƙa aiko mai ɗauka."

Ta fito a gaɓa da rana tsaka, ashe ta yi kwanaki a ƙarƙashin ruwa. Ta tarar da Jatau ya rame, rabi don nemanta, rabi don tuwon da yake tuƙa wa kansa. Ya yi murna har ya rasa abin faɗa, ita kuwa ba ta rasa ba. Da labarinta ya kai kan baƙin zaren nan, ya ɓata rai.

Ya ce, "Yanzu duk hayaƙin duniya, nawa ne ya cika teku?"

Ta ce, "A'a, Maigida. Naka ne dai na gane warinsa a gaban mutane."

Bai daina a ranar ba, namiji ne. Amma a hankali tayoyin suka ragu a bayan rumfarsa, ya koma ƙanƙare ƙafafu da tafasasshen ruwa, yana cewa wai dama ƙirjinsa ne ke damun sa. Tabawa kuwa ta riƙe sharaɗin Teku da hannu biyu. Duk wanda ya zo sayen kanwa sai ya ji labarin ƙwannafi. Wasu su yi dariya, wasu su yi shiru, direbobin manyan motoci kuma su canza hanya in sun hango ta. Ba zan ce muku teku ta warke ba, don ba ta warke ba.

Duk sa'ad da sabon buhu ya sauka, kafin ta sayar wa kowa, sai ta ware dunƙule mai kyau ta kai kwarmin dutse, ta ce na yara ne. In ta dawo washegari ba ta tarar da shi.

Bayan damina ta wuce, wata safiya ta kai dunƙulen, sai ta ga wadda aka aiko ɗauka tana jira a bakin ruwa. 'Yar katantanwa ce kamar goro, ɓawonta mai kauri, sumul, ba huji ko ɗaya. A gefensa ga zane-zane sun jeru, sun tattaru wuri ɗaya, irin na Gobirawa sak. Tabawa ta shafa kumatunta. Ta ɗauke ta ta ɗora a tafin hannu, ta ƙwanƙwasa bayan da farce, ta ji ya amsa ƙwas.

Ta ce, "Takwara, kin yi ƙiba. Ina Iya?"

'Yar katantanwar ta miƙe ƙahonninta ta ce, "Tana nan, tana ta liƙe. Ta ce in gaishe ki, kuma in kin fara magana in ce ana jira na."

Tabawa ta yi dariya har da hawaye, ta gyara zama a kan dutsen. Ta ce, "Su jira. Zauna in ba ki labarin wanzamin da ya yi mana zanen nan."